Tambaya: ya dace mai dukiya ya nemi bindiga don kare kansa a Damagaram?

Ɗan Zango

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka san doka ne da waɗanda suka san makami, ba masu ji a fada ba.

Maganar bindiga ta yawaita a bakin 'yan kasuwa a nan Zinder, musamman masu cin kasuwannin dabbobi ta wajen Tanut da Bakin Birji da Gure, da masu garka ko garke a bayan gari. Hujjarsu guda ce: ɓarawon yanzu ba da sanda yake zuwa ba tun da makaman Libiya suka watsu bayan 2011, kuma satar mutane da shanu da ake yi a Madarunfa da Gidan Runji ba wata duniya ba ce, jihar Maraɗi ce, maƙwabciyarmu. Suka ce mai gaskiya ne kaɗai aka bari hannu rabbana.

To doka ta yarda farar hula ya mallaki bindiga, kuma ta wace hanya? In ta yarda, wace iri ce ta dace, a gida za a ajiye ko a jiki za a yi yawo da ita? Sannan wanda ya harbi ɗan fashi, me zai tarar washegari? Don Allah a bar zagi da siyasa a bakin ƙofa.

Na-Kotu

Wa alaikumus salam Alhaji. Doka ba ta rufe wa farar hula ƙofa gaba ɗaya ba, amma a Nijar mallakar bindiga ba haƙƙi ba ne irin wanda kotun ƙolin Amurka ta tabbatar wa Amurkawa a 2008. A nan izini ne na hukuma: tana iya ba ka, tana iya hana ka, tana kuma iya karɓewa bayan ta ba ka. Ma'aikatar cikin gida ce ke riƙe da sha'anin.

Abin da ya fi kai mutanen kirki gidan kaso shi ne rashin rarrabe takardu. Izinin ajiye bindiga a gida bai ba ka damar sa ta a mota ka nufi Tanut ba. Takardar farauta da jami'an gandun daji ke bayarwa a ƙarƙashin dokar farauta ta 1998 ita ma hanyarta daban, farauta ta halatta maka, ba yawo da makami a kasuwar Dole ba. Kuma izini na mutum ɗaya ne a kan bindiga ɗaya: sunanka, irinta, faɗin bakinta, da lambar da ke jikin ƙarfenta. Ka ba ƙanenka ko mai gadinka aro, ka jefa ku biyu cikin laifi. Makaman yaƙi kuwa, irin su Kalashinkof, babu wata takardar da za ta halatta wa ɗan kasuwa su.

Wanda zai nema ya shirya buƙata a rubuce da tambur, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar likita, hotuna, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure shi ba. Wannan ta ƙarshe wata 3 take aiki, saboda haka a karɓe ta bayan sauran sun haɗu, kada ta mutu a aljihu. Daga nan sai binciken hali: a tambayi mai unguwa, a tambayi maƙwabta. Mutumin da aka sani da saurin hannu ko shaye-shaye ya huta da wahala. Kafin a fara, a je kwamisariya ko ofishin gwamna a karɓi jerin takardun da kuɗin tambur na wannan shekara.

Izini ne gaba, saye a baya. Da yawa juyawa suke yi, su sayo a bakin iyaka sannan su zo neman takarda. Mai yin haka da hannunsa ya kawo shaidar laifinsa.

Yarjejeniyar CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja a 2006, ta jera sharuɗɗan da suka dace da kowane mai hankali ko da doka ba ta tilasta ba: cikar shekaru, rashin laifi, dalili karɓaɓɓe, shaidar horo, shaidar cewa bindiga za ta kwana a kulle kuma harsashi a wani wuri daban, da jiran aƙalla kwana 21 kafin a ba da izini, don wanda fushi ya kawo shi ya huce. Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025, amma fitar ba ta soke dokokinmu na cikin gida ba.

Sai tambayarka ta uku, wadda ta fi nauyi. Kundin hukunta laifuka ya amince da kare kai da kare wani, bisa sharaɗi uku: harin ya kasance yana faruwa a lokacin, babu wata mafita, kuma martanin ya yi daidai da girman barazanar. Doka ta fi sassauta wa wanda ya tare mai haura katanga ko fasa ƙofar gidan da ake kwana a ciki da dare, da wanda ya kare kansa daga masu ƙwace da ƙarfi. Amma ɓarawon da ya saɓa akuya ya juya baya yana gudu, harbinsa ba kare kai ba ne. Wanda ya yi maka fashi jiya ka gan shi yau a tasha, shi ma haka. Raunin da ke a baya yakan rusa duk bayanin mai harbi a gaban alƙali mai bincike.

Ko kana da gaskiya, sa a ranka za a tsare ka, a karɓe bindigar, a yi ta kai da komo wata da watanni. Abin yi bayan harbi: a kira 17, lambar 'yan sanda, a nema wa wanda ya ji rauni taimako ko da shi ne ɓarawon, a cire harsashi a ajiye bindigar a ƙasa kafin jami'ai su iso kada su tarar da kai riƙe da ita, kada a tsince kwanso, kada a ja gawa daga waje zuwa cikin gida don gyara labari. Alamar jan jiki a ƙasa ba ta ɓuya, kuma daga nan ka tashi daga mai kare kai ka koma mai ɓoye shaida.

Sajan Mai Ritaya

Alhaji, ni ina cikin masu cewa e, amma e ɗina yana da iyaka, kuma iyakar ita ce ƙofar gidanka.

Hujjar masu son bindiga ba wasa ba ce, lissafin lokaci ne. Ɗauki ruga ko gidan gona mai nisan kilomita 40 daga jandarma, hanya rairayi ce. A ce waya ta shiga, a ce mota na nan da mai a cikinta, a ce an tashi nan take. Da gudun kilomita 30 zuwa 40 a awa, sai an yi awa ɗaya ko fiye kafin a iso. Fashi kuwa cikin 'yan mintoci ake gama shi. A tsakanin nan ba gwamnati, ba alƙali, sai mai gida da abin da ke hannunsa. Wanda ke kwana a Birni ko Sabon Gari, maƙwabta na jin tarinsa, bai kamata ya yi wa na daji dariya ba. Kuma gaskiya ne dokar hana makami mai bin doka kawai take kamawa.

To amma ina bindigar ke aiki? A gida da dare, inda kai ka san kowane lungu, kana bayan ƙofa, shi ne zai zo ya same ka. Yawancin ɓarayin gida ba mutuwa suka zo nema ba. Su ji murya daga cikin ɗaki ta ce an gan su kuma akwai makami, mafi yawa sukan canja shawara.

A kan hanya labarin ya juye. Masu tare hanya su suka zaɓi wurin, galibi inda rami ko rairayi ke tilasta wa direba rage gudu. Su suka zaɓi lokacin. Suna da yawa, bindigarsu na cin harsashi 30 a gida ɗaya, sun riga sun auna ka kafin ka gan su, kai kuma hannunka na kan sitiyari ko kana matse tsakanin fasinjoji. In ka zaro ƙaramar bindiga a nan, ka jawo ruwan wuta a kan duk wanda ke cikin motar. In ba ka zaro ba suka laluba suka same ta, za su ɗauke ka jami'in tsaro, kuma an san abin da ke biyo baya. Mai cin kasuwar dabbobi ya fi tsira in ya aika kuɗinsa ta NITA ko Amana ko Al Izza, ya bar tafiyar dare, ya daina faɗin ranar tafiyarsa a fada, da a ce ya rataya ƙarfe a ƙugu.

Ko a cikin gari, masu tunanin ƙaramar bindiga maganin 'yan wuƙa ce su ji wannan. A 1983 wani mai horar da 'yan sanda a Amurka, Dennis Tueller, ya gwada ya ga mutum riƙe da wuƙa na cin tazarar kusan mita 6 da rabi cikin daƙiƙa ɗaya da rabi, wato daidai lokacin da horarren ɗan sanda ke buƙata ya zaro ya harba. Kai da babbar riga da alabe a aljihun ciki fa? Sannan binciken da cibiyar RAND ta yi wa 'yan sandan birnin Niyok ya nuna tsakanin 1998 da 2006, in ana musayar wuta, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasansu ke samun wanda aka nufa. Waɗannan masu albashi ne a kan aikin. Sauran kashi 82 ɗin wani wuri suka tafi, kuma a unguwanninmu wani wurin mutum ne.

Saboda haka in za a nema, a nemi doguwar bindigar farauta kalibar 12 (lambar faɗin bakinta ke nan), mai karyewa a tsakiya, mai baki ɗaya ko biyu. Sassanta kaɗan ne, ba ta cika cijewa ba, kuma da ka karya ta ido na ganin akwai harsashi ko babu. Tsawonta ya sa ba a juya bakinta kan mutum cikin rashin sani kamar ƙarama, yaro ba ya sa ta a aljihu ya kai makaranta, ɓarawo ba ya ɓoye ta a riga.

Ƙa'idoji huɗu ne, kuma haɗari ba ya aukuwa sai an karya aƙalla ɗaya. Kowace bindiga a ɗauke ta a ɗure take, ko kai ka cire harsashin da hannunka. Bakinta kada ya kalli abin da ba ka yarda ya lalace ba. Yatsa a wajen kunama har sai an yanke shawarar harbi. Sannan ka san abin da kake aunawa da abin da ke bayansa. Wannan ta huɗun ita ce tamu. Zana ba ta tare komai, langa-langa ba ya tare komai, bulo mai rami ba abin dogaro ba ne. Ƙananan ƙwayoyin dalma na harbin zabi suna kai mita 200 zuwa 300 kafin su faɗi, manya su haura mita 500, harsashin ƙaramar bindiga ya haura kilomita ɗaya da rabi. Harbin sama don tsoratarwa ma abin da ya hau sai ya sauko.

Ajiya: akwatin ƙarfe da aka ɗaure da bango ko aka kafe a siminti, bindiga ba harsashi, harsashi a wani akwatin, makulli a jikinka, ba a saman ƙofa ba inda kowane yaro ya sani. Za a ce to kafin a buɗe ai ɓarawo ya shigo. Shi ya sa ake fara kashe kuɗi a kan abin da ke saya maka lokaci: katanga, ƙofar ƙarfe mai sakata biyu, fitilar sola mai kamawa da motsi, kare, usur, da yarjejeniya da maƙwabta cewa in an ji usur kowa ya kunna tocila ya yi kuwwa. In an shigo, tara iyali ɗaki ɗaya, ka tsaya inda kake ganin ƙofa, ka yi magana da ƙarfi, ka kira waya. Kada ka fita tsakar gida farautar ɓarawo. Kada ka harbi motsi ko inuwa sai ka haska ka ga fuska. Mai haura katanga ƙarfe 2 na dare sau da yawa ɗan gidan ne ya dawo daga fada yana tsoron buga ƙofa.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda bai taɓa jin bugun ƙota a kafaɗarsa ba, bai iya ɗurawa da cirewa a cikin duhu ba, ya sayi abin tsoratar da kansa ne.

Hajiya Ta-Likita

Sajan, ranka ya daɗe, lissafinka na daren da ɓarawo ya zo ne. Nawa na sauran dararen ne. Ɓarawo zai zo sau ɗaya ko ma bai zo ba, bindigar kuwa kullum tana cikin gidan, ranar faɗan mata da miji, ranar rabon gado, ranar da shanu suka shiga gona ana gab da girbi, ranar da saurayin gida ya sha ƙwaya.

Amurka ce ta fi kowa ƙirga wannan abu, don farar hularta sun fi kowa makami, kusan bindiga 120 ga kowane mutum 100. A 2021 mutum 48,830 bindiga ta kashe a can, fiye da rabinsu kuma kansu suka harba. Likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa sun wallafa a 1993 cewa gidan da ke da bindiga haɗarin a kashe wani a cikinsa ya ninka sau 2.7, kuma galibi ɗan gida ko na kusa ne ke kisan. Shekara ɗaya kafin nan sun samu haɗarin kashe kai ya ninka kusan sau 5. Wani binciken a Filadelfiya a 2009 ya samu masu ɗauke da bindiga sun fi waɗanda ba su ɗauke da ita fuskantar harbi da kusan ninki 4 da rabi. Na san abin da za a ce, cewa mai zama cikin haɗari ne dama ke neman bindiga, kuma Amurka ba Damagaram ba ce. Akwai gaskiya a ciki. Su kansu Amurkawa ba su daidaita ba kan sau nawa bindiga ke ceton mai ita: wani kiyasin na 1995 ya ce miliyan 2 da rabi a shekara, ƙidayar gwamnati kuma ba ta cika haura 100,000 ba. Amma bambancinmu da su ba duka ne ke taimakonmu ba. Gidansu mutum biyu ko uku, namu goma sha biyar ko ashirin, yara na shiga kowane ɗaki, kuma asibitin da ke iya buɗe ciki ya ɗinke hanji ba kowace gunduma ke da shi ba. Daga Tesker ko Belbeji zuwa babban asibitin Zinder tafiya ce mai cin rai.

Duk wanda ya kafe sai ya ajiye, ya koyi tsayar da jini kafin ya koyi harbi. Babbar jijiyar cinya in ta tsinke, mintoci kaɗan ne. A danna wurin da tsumma mai tsabta da dukkan nauyin jiki, minti 10 ba ɗagawa don leƙawa. In tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kai, kada a cire na farko. In hannu ne ko ƙafa kuma jinin na tsartuwa, a ɗaure sama da raunin da santimita 5 zuwa 7, ba a kan gaɓa ba, da ƙyalle mai faɗin yatsu uku, a sa itace a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Igiya da waya yanka nama suke yi. Kada a sassauta a hanya don mai rauni na kuka, likita ne zai kwance. Kada a zuba ƙasa, toka, fetur ko garin batir. Kada a tono dalma da wuƙa. Wanda aka harba a ciki ba a ba shi ruwa ko fura, komai roƙonsa, saboda tiyata. Ƙaramin rami a fata ba ya nufin ƙaramar ɓarna a ciki, ko yana tafiya da ƙafarsa a kai shi, a kuma yi masa allurar tetanus.

Sai kunne, da ba mai maganarsa. Ƙarar bindiga na haura desibel 140 a ma'aunin ƙarfin sauti, a cikin ɗaki mai rufin kwano harbi ɗaya na iya barin mutum da ƙugi a kunne har abada. Jaririn da ke kwance a ɗakin shi ma da nasa kunnen.

Ɗan Sarkin Baka

Gaisuwa ga manya. Ni ta ɓangaren ƙarfen zan ƙara, don a ƙasarmu bindigar da aka ajiye shekara ba a taɓa ba ta fi cutar mai ita.

Babbar masifa toshewar bututu ce. Bindigar da aka jingina a lungu, zanzaro na shiga bakinta ya yi gini da laka, mai ita bai sani ba. Wasu kuma da kansu suke cusa tsumma don hana ƙura, su mance. Ko bakin ya caki ƙasa lokacin hawa amalanke. Da an harba, iskar albarushi ba ta da mafita, bututun ya kumbura ko ya tsage daidai inda hannun hagu ke riƙe. Magani: karya ta, ɗaga ta wajen haske, ka leƙa daga baya har ka ga rana a ɗaya bakin, kafin kowane ɗuri.

Harsashi a duba rubutun jikin bututu. Kalibar 12 akwai mai gurbin milimita 70, akwai mai 76. Harsashin 76 na shiga gurbin 70 lafiya lau, don kafin harbi bakinsa a naɗe yake, amma in ya tashi ba shi da wurin buɗewa, matsi ya haura abin da ƙarfen zai ɗauka. Mafi muni shi ne haɗa harsashin kalibar 20 da na 12 a aljihu ɗaya. Na 20 ya zame ya shige cikin bututu ya maƙale, gurbin ya zama kamar ba komai, a ɗora na 12 a bayansa. Wannan kan tafi da yatsu, wani lokaci da ido.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka juyo da ita ka leƙa. Riƙe bakin a inda ba kowa, ƙirga daƙiƙa 30, sannan ka karya ka cire. Tsohon harsashi na iya jinkiri ya tashi daga baya. In kuma ta tashi da 'yar ƙara mara ƙarfi, tsaya nan, wataƙila wani abu ya rage a bututu.

Mai kaɗan ake sawa, a shafa da tsumma har ƙarfe ya yi sheƙi, ba ya ɗiga ba. Lokacin hunturu ƙura na haɗuwa da mai ta zama kwaɓaɓɓen abu ta riƙe allurar da ke bugun gindin harsashi. Man gyaɗa da man ja daskarewa suke yi, ba na bindiga ba ne. Da damina a duba tsatsa duk wata. Harsashi ba ya son zafi da laima: kada ya yini a cikin mota a rana, kada ya kwana kusa da randa. Wanda ya kumbura ko gindinsa ya yi kore a ware shi.

Kada a dogara da makullin kunama. Kunama kawai yake riƙewa a yawancin irin waɗannan, in bindigar ta faɗi da harsashi a ciki tana iya tashi. Za a haye katanga, za a hau babur, za a miƙa wa wani, a karya ta tukuna.

Bindigar toka da harba-ka-ruga kuwa, ga hawan salla da korar birai suna da gurbinsu a wajen waɗanda suka gada. Don kare gida ba su ba ne. Ƙarfen bututun ba wanda ya gwada ƙarfinsa, harbi ɗaya gare ka, kuma kasancewarta ƙirar gida ba ta fitar da ita daga hannun doka ba.

Malam Na-Birni

Allah ya saka wa kowa. Shari'a ba ta ce mutum ya miƙa wuya ba. Ya inganta cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne, kuma da wani ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da mai son ƙwace masa dukiya, ya ce kada ya ba shi, in ya yaƙe shi ya yaƙe shi. Amma malamanmu na Malikiyya sun ce a fara da gargaɗi da haɗa shi da Allah in akwai sarari, a kuma tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai kore shi. In kuwwa ta isa, ba a zuwa ga sanda. In ya juya, an gama. Haka kuma an hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa, an umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu. Wanda ya harbi ɗan maƙwabci cikin duhu, kuskure ne, amma diyya da kaffara na kansa.

Ɗan Zango

Na gode ƙwarai. Saura biyu. Wasu na cewa a bar maganar mutum ɗaya, gari duka ya yi makami kamar yadda gwamnoni suka ce a Katsina da Zamfara. Sannan wanda mahaifinsa ya rasu ya bar bindiga a ɗaki fa?

Sajan Mai Ritaya

Hajiya, na karɓi maganarki, shi ya sa na ce akwati da makulli. Gidan da ke da mai taɓin hankali, ko mai shaye-shaye, ko rikicin da bai mutu ba, ni ma na ce kada ta shiga.

Alhaji, ta gari duka kuwa a yi hattara. Gaskiya ne Aminu Masari ya yi wannan kira a Katsina a 2021, gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara kuma a Yunin 2022 ta ce jama'a su nemi izinin bindiga, har babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Amma Zamfara ta riga ta ga 'yan sa-kai shekaru kafin nan. An fara da tsaron gari, aka koma kama Bafulatani a kasuwa a kashe ba shari'a, 'yan uwansa suka shiga daji suka sayi makamin da ya fi, ramuwa ta koma ƙone ƙauye. A nan gida, ranar 2 ga Nuwamban 2021 magajin garin Banibangu ya fita da 'yan sintirin garinsa, aka yi musu kwanton ɓauna, gwamnati ta ce mutum 69 suka mutu. Zuciya ba ta gaza ba, makami da horo da labarin abokin gaba ne ba su kai ba. Burkina Faso ta sa aikin 'yan sa-kai a doka a Janairun 2020, da horon kwana 14, kuma garuruwan da aka san suna da 'yan sa-kai sun zama abin hari.

Damagaram ba baƙuwar bindiga ba ce. Sarki Tanimun ya tara dubbai a ƙarni na 19, har igwa aka ƙera a birni. Amma a hannun fada suke, da shugaba da mai ba da umarni, ba kowa da tasa a ƙarƙashin tabarma ba. Gari da ke son tsaro ya fara da sintiri mai rajista a wajen mai gari da jandarma, da tocila da waya da usur, a sa manoma da makiyaya a ciki tare, wanda aka kama a miƙa shi hukuma da ransa.

Na-Kotu

Ta gado: izini ba ya shiga rabon gado, da mai shi yake mutuwa. Ƙarfen dukiya ce ta magada, amma riƙe shi sai da sabuwar takarda da sunan wanda zai riƙe. A nemo tsohon izinin a haɗa da takardar rasuwa, a je kwamisariya ko jandarma a sanar tukuna, ba tare da bindigar ba. Su za su faɗi yadda za a kawo ta ko su zo su ɗauka, kuma a karɓi takardar shaidar ajiya mai ɗauke da lambarta. Kada a naɗe ta a buhu a hau kabu-kabu da ita, shingen bincike ɗaya ya isa ya mai da magaji mai laifi.

In ba ta da takarda tun asali, ko makamin yaƙi ce, hanyar ita ce miƙawa. Akwai hukumar tattara haramtattun makamai, CNCCAI, tun 1994, kuma ƙasar nan ta taɓa ƙone makamai sama da dubu a Agadez ranar 25 ga Satumban 2000 bayan tawaye. A bi ta hannun mai unguwa ko mai gari ya yi rakiya, ya zama shaida cewa da kanka ka kawo. Kafin ranar, a kulle ɗakin, kada kowa ya gwada ko tana aiki, don tsofaffi da yawa a ɗure suke barinta.